Rawar Mota a Ƙaramin Totur

Shekara goma sha tara Baba Direba yana jan manajan kamfani, bai taɓa zubar masa da shayi ba sai watan nan. Da zarar ya taka totur a hankali, motar sai ta kama kakkarwa kamar mai zazzaɓi. Manaja ya goge rigarsa, ya ce kafin Litinin a gano inda matsalar take, ko a mota ko a direba, za a canja ɗaya.

Baba Direba ya kai motar garejin abokinsa tun na ƙuruciya, wanda kowa ke kira Sifana. Sifana ya ɗaga ta a jak, ya jujjuya tayoyi, ya kwance filogi ya shinshina, ya girgiza shaf. Ya ce motar ta fi su lafiya su biyun. Ya ja ta da kansa har bakin gada ya dawo, shiru, ko kofin da ke gaba bai motsa ba.

Sai ya koma kujerar manaja, ya ce yau shi ne babba, a ja shi. Baba Direba ya tayar. Motar ta soma rawarta. Sifana bai kalli inji ba, bai kalli sitiyari ba. Ya saki sifanarsa ƙasa, ya sunkuya ɗauka, ya daɗe a can yana kallon ƙafar Baba Direba ta dama tana ɓari a kan totur.

"Tsoho, tun yaushe?"

"Wata uku. Da hannu ta fara, wajen riƙe cokali."

"Uwar yara ta sani?"

"Ta ce sanyi ne."

Sifana ya ce zai iya rubuta cewa ya canja robar inji, hakan zai sayo masa sati biyu. Amma kayan gyaran wannan matsalar, in ji shi, a asibiti ake nemansa, ba ya shagon kowa. Baba Direba ya lalubi ransa ko zai ji wani abu, ya tarar yunwa kawai yake ji.

Ranar Litinin ya wanke motar, har cikin tayoyi. Ya shiga ofis ya ajiye makulli a teburin manaja, da hannun hagu, wanda har yanzu yake jin magana.

"Ranka ya daɗe, an duba. Motar ƙalau take."