Goshina Ya Yi Kewar Ƙasa

"Ɗauke min kujerar nan, Zahida! Ni 'yar coci ce?"

Ta katanga na jiyo Mma Asibi, maƙwabciyata, tana yi wa 'yarta faɗa. Na leƙa. Tana zaune bakin tabarma, ƙafar dama naɗe da bandeji, ga kujerar roba an girke mata tana kallon gabas.

"Maman, doucement, a hankali," in ji Zahida. "Likita ya ce kada ki lanƙwasa shi sai ya warke."

Babban yatsan ƙafarta ne. Tallar koko daga Zongo zuwa kasuwar Hédzranawoé ta cinye gaɓar, yatsa ya sandare kamar itace. In ta yi sujada, azaba har tsakar ka. Shekara da shekaru a kujera take sallah, abin yana cin ranta. Da ɗanta Taufiq ya kai ta asibiti aka yi aiki, aka sa mata 'yar roba a gaɓar, ba don tafiya ta yarda ba.

"Assana," ta ce da ni, "goshina ya yi kewar ƙasa. In dungura shi ko sau ɗaya, in kafa yatsan nan yadda malam ya koya mana, shi ke nan."

"Kai, Mma, ke da gaggawa! Ranar Juma'a fa za a kwance bandejin."

"To, Allah ya kai mu."

Ranar Laraba da hantsi tana tsintar wake, hawan jini ya kayar da ita. Kafin Taufiq ya samo mota, rai ya yi halinsa. Wallahi na yi kuka har muryata ta dushe.

Ni na yi mata wanka, Zahida na zuba min ruwa. Da na kwance bandejin, ɗinki ya haɗe tsaf, ba kumburi. Na ɗauko ƙyalle zan ɗaure manyan yatsun biyu kamar yadda aka saba, sai hannuna ya ƙi. Na kama yatsan, na tura shi sama a hankali.

Ya lanƙwasu. Ba gardama, kamar na jariri.

"Maman, kin gani?" in ji Zahida. "Ya yi fa."

Da maza suka fita da ita, aka kira azahar. Zahida ta ɗauki kujerar ta kai tsakar gida, ta dawo ta shimfiɗa dardumar uwarta a ƙasa. Ta daɗe cikin sujada, yatsunta kafe a kan siminti.