Kan Kibiyar Gudo

Jijiyar da aka ɗaure kan kibiyar da ita sabuwa ce, fara sol, kuma ta hagu aka naɗe ta. Gudo bai taɓa naɗi ta hagu ba. Sai da ya tsinci kibiyar a cikin ƙura, a daidai inda gwankin da ya auna ya tsaya ɗazu, sannan idonsa ya kai wurin.

Ya ɗora ta a kan yatsa, ta rinjaya gaba ta faɗi. Ya kwance fatar da ke lulluɓe da kawunan sauran huɗun. Duk an sauya su. Siraran ƙarafan da ya kwana biyu yana goga kowanne a dutse har ya dace da sandarsa, babu ko ɗaya. An sa waɗansu masu faɗi kamar ganyen ɓaure. Da asuba ya ɗebo su a ɗaure bai duba ba. Ya ji nauyin lokacin da ya ja tsirkiya, amma gwankin ya riga ya ɗaga kai. Kibiyar ta fita tana kaɗa wutsiya, ta bi ƙarƙashin cikin dabbar ta caki ƙasa. Taku ashirin kacal!

Kwana uku ya yi yana zuwa kwanto a bakin tafkin da gwankin ke shan ruwa. Surukarsa Nduku ta faɗa a gaban kowa cewa in wata ya tsaya ba ta ga nama a bukkarta ba, za ta ɗauki 'yarta Abeya su koma zangon 'yan'uwanta a bayan dutse. Jiya wata ya tsaya.

Mutum ɗaya ne bahago a duk zangon.

Ya same su a gindin kuka, maza biyar, suna gasa sanduna a toka suna miƙar da su da haƙori. Tsoho Mbugoshi, mahaifin Abeya, yana tsakiya da lofensa na dutse a hannun hagu. Gudo ya watsa kiban a gabansa.

"Baba, wa ya taɓa mini waɗannan?"

"Ni ne," in ji tsohon, yana murmushi. "Kada ka gode. Zumata ta ƙwarya guda na ba maƙerin ƙabilar Datoga ya ba ni manyan ƙusoshi. Jiya kana barcin rana na yi maka aikin. Har dafi na shafa sabo. Ina naman?"

"Naman yana can yana cin ciyawa!"

Shakwa, abokin wasan Gudo, ya tuntsire da dariya. "Ka gaishe shi dai ko? Kada ya ce ba mu da tarbiyya."

"Rufe mini baki, kai." Gudo ya ɗaga kibiya ɗaya. "Baba, dubi sandar nan. Siririya ce, ni na sare ta, ni na fere ta daidai da bakana. Ka ɗora mata kai irin wannan, ta yaya ba za ta lanƙwashe ba in tsirkiya ta tura ta? Ko ka rage tsawonta? Ko ka ƙara mata gashin zabo? Ko sau ɗaya ka harba ta a jikin kukar nan ka ga yadda take tafiya?"

"Da kai irin wannan na kashe raƙumin dawa tun uwarka tana goye."

"Da sandarka mai kaurin yatsa! Da bakanka da mutum biyu ke ja!"

Mata sun bar dakan 'ya'yan kuka sun matso. Nduku na gaba, ƙunshinta na fata a ɗaure tun safe. Abeya na bayanta riƙe da sandar tonon saiwa, idonta a kan mahaifinta.

"Ashe yau kuma kibiya ce ta yi laifi," in ji Nduku. "Wancan watan iska ce. Kafin nan rana ce ta shiga masa ido. Ni dai saiwa ta ishe ni, haƙorana sun ƙare."

"Inna, ki tsaya ki gani." Gudo ya miƙa wa tsohon bakansa da kibiyar. "Ga wata kuka can, taku ashirin. Gwanki bai kai ta faɗi ba. Harba, Baba."

"Gudo," Abeya ta ce a hankali. "Bar shi haka."

Bai ko waiwaya ba. Mbugoshi ya ajiye lofe, ya tashi, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya karɓi bakan ya ja, kafaɗarsa na karkarwa, ya saki. Kibiyar ta yi wutsil-wutsil kamar kifi a tudu, ta nitse ƙasa tun ba ta kai inuwar reshen farko ba.

Shakwa ya kwanta yana riƙe ciki. Sauran mazan ma suka kasa daurewa. Tsohon ya tsaya yana kallon kibiyar. Nduku ma har hannunta ya sauka kan igiyar ƙunshin kamar za ta kwance.

Da Gudo ya tsaya nan, da shi ke nan. Amma kwana ukun nan na cikin ƙaya suna ci masa rai.

"Kun gani ko? Kowa ya gani? Mutumin da rabonsa da kashe ko gada tun ana ruwan bara waccan, shi zai gyara mini kibiya! Ka zauna ka sha tabarka, Baba. Naman da kake ci ma wani ke kawo maka."

Dariyar ta ɗauke. Shakwa ya tashi zaune ya koma kan sandarsa. Mbugoshi ya jingine bakan a jikin dutse da hannu biyu, a hankali, ya je ya tsinto kibiyar, ya share mata ƙura da tafinsa, ya ajiye kusa da sauran.

Gudo ya tsugunna ya jawo dutsen washi. Ya yanke jijiyar nan fara, ya zare ƙarfen, ya fara goga gefensa da ƙarfi. Sai ya cinye kusan rabin faɗin, ya datse sandar yatsa biyu, sannan a gwada. In ya dage, kafin rana ta karkata ya gama ɗaya. Gwankin zai dawo ruwa gobe ko jibi.

"Abeya, kawo mini jijiyar da ke rataye a bukka," ya ce, kansa a sunkuye.

Ƙarar dutsen kaɗai ya ji. Da ya ɗago, Nduku ta riga ta kai bakin hanyar dutse, tsohon na biye da ita da lofensa a hannu. Abeya ta ɗauki ƙwaryarta daga ƙofar bukka, ta saɓa sandar tononta, ta bi bayansu.