Walƙiyar Aro

Alkasum bai taɓa son a sa walƙiya cikin wasan nan ba. Gara a faɗi wannan tun farko, don daga baya mutanen Ƙonni sun yi ta yaba masa ita har ya riƙa sauya hanya in ya hango su.

Ma'aikacin lantarki ne a masana'antar siminti ta Malbaza, mutum mai shiru-shiru, yatsunsa duk tabon ƙuna. Wani nasara da ya gama aikinsa zai koma gida ya bar masa tsohuwar kwamfuta, wadda 'yan lakwal, wato 'yan boko, ke ce wa ordinater, wata aba mai gurnani in an kunna ta. Da wani ne ya samu, sai ya lulluɓe ta da ƙyalle ya ajiye don baƙi su gani. Shi kuwa sai ya koyi yi mata magana. Ya haɗa akwatin katako cike da makunnai, ya ja waya daga bayan kwamfutar zuwa cikinsa, daga nan zuwa ƙwayayen fitila da ya cusa cikin gwangwanayen madara. Ya zauna yana rubuta mata umarni layi-layi: kunna wannan, rage waccan, dakata sai an taɓa ki. In ya danna dogon maɓallin da ke ƙasan allon maɓallan kwamfutar, sai haske ya tashi daga asuba ya koma rana, daga rana ya koma almuru. 'Yan wasan kwaikwayon gidan matasa na Ƙonni suka ji labari, suka je har Malbaza suka roƙe shi ya yi musu fitilu.

Bai iya ƙi ba, domin ƙanwarsa Zalika ce babbar 'yar wasansu. Malama ce a lakwal, tana koyar da ƙananan yara, kuma iyaye har rige-rige suke yi a sa 'ya'yansu a ajinta. Abin da iyayen ba su sani ba, Zalika tana da farfaɗiya. Tana ƙarama ta fara faɗuwa a bayan mota kan hanyar Tajaye, lokacin da rana ke ɓullowa tana ɓuya tsakanin itatuwa, ƙyal-ƙyal-ƙyal, cikin idonta. Uwarsu ta rufe ta da zane ta ce barci take yi. Tun daga ran nan maganar ba ta fita daga ɗakinsu ba. Ana karɓo mata ƙwayoyi daga Tawa a ɓoye, ta yi shekaru ba ta faɗi ba, sai dai har gobe ba ta kallon ruwa in rana na wasa a kansa.

Kuma ai dole a ɓoye. Mutanenmu, Allah ya shirye mu, in mai farfaɗiya ya faɗi sai ka ga ana tsalle ana ja da baya, wai miyau ya taɓa ka ka ɗauka. Ƙarya ce tsagwaronta, likitoci sun faɗa har sun gaji, amma wa ya ji? Ba a ci da kai, ba a sha inda ka sha. Balle a ba ka ɗa ka koya masa karatu.

Wasan na wata mata ne da mijinta ya tafi ci-rani bai dawo ba, damina ta ƙi zuwa, ta tsaya tsakiyar gona tana roƙon ruwa har hadari ya haɗu, ta zube ƙasa cikin yayyafin farko. Malam Tanimun, shugaban ƙungiyar, shi ya tsara shi. Mutum ne mai faɗin ƙirji da babbar murya, wanda in ya so abu to an gama magana. Za a yi gasa da ƙungiyoyin Malbaza da Illela, wanda ya ci ya wuce Tawa, kuma Malam Tanimun ya rantse sai ya ga Tawa.

"Hadari ba walƙiya?" in ji shi da Alkasum ya fara kame-kame. "Haba maigida! To mi muka kirawo ka ka yi? Ko fitilar ƙwai ta iya safiya da marece."

Alkasum ya ce ƙwayayen za su ƙone. Ya ce waya za ta yi zafi. Malam Tanimun ya yi dariya ya dafa masa kafaɗa. Da suka rage su biyu a hanya, Zalika ta ce da wanta a hankali, "Yaya, in ka dage sai sun tambayi dalili. Tabawa kuwa ba ta barin tambaya." Tabawa aminiyarta ce, tare suke koyarwa, kwano ɗaya suke ci kullum da rana a inuwar dogon-yaro, kuma ita ke fitowa a matsayin maƙwabciya cikin wasan. Mace ce mai kirki, sai dai cikinta ba ya riƙe magana.

Sai suka yi dabara. Ran hutu Zalika ta hau mota ta je Malbaza, suka rufe ɗaki. Ita kwamfuta ba ta san lokaci ba, ƙirge kawai ta sani. Don haka Alkasum ya rubuta mata: haska farar fitila sau ɗaya, ki kashe, ki ƙirga har kaza, sannan ki sake. Zalika ta zauna kan tabarma tana fuskantar fitilar, shi yana kallon ƙwayar idonta.

"Ƙara mata, Yaya. Ina jin shi a bayan idona."

Ya ƙara lamba. Ta ce ya ƙara. Ya yi ta ƙarawa har walƙiyar ta zama irin ta hadarin nesa, ta haska sau ɗaya, mutum ya ja numfashi ya sauke ya sake ja, kafin wata ta zo. Zalika ta yi murmushi ta ce wannan kam ko jariri ya kalla. Ya adana abin cikin disket, ɗan faifan ajiyar rubutun kwamfuta, ya sa a aljihun gaba. Malam Tanimun ya gani wajen gwaji, ya taɓe baki ya ce walƙiyar tana tafiya kamar jakin da ya ƙoshi, amma ya haƙura.

Ranar gasa aka tashi da wani irin zafi mai danne ƙirji. Da la'asar za a yi, don mutanen ƙauyen Bazaga su koma da amalankensu da sauran haske, sai aka toshe tagogin zauren gidan matasa da buhunan siminti da tabarmi don a samu duhu. Ciki ya zama tanda. Alkasum ya jera kayansa a kan tebur gefen dandamali, ya kunna tsohuwar kwamfutarsa. Ta yi gurnani, ta yi wani ɗan tari, sai warin ƙonewa. Ya kashe ya kunna, ya buɗe bayanta ya hura, ya yi mata fifita. Ko motsi.

Wallahi da ya ga haka har wani sanyi ya ji a ransa. Ba kwamfuta, ba walƙiya. Amma Malam Tanimun ya riga ya fice da gudu, ba a jima ba sai ga shi da wata a rungume, sabuwa fil, fara tas, ya aro daga buro, wato ofishin wani abokinsa. Jama'a sun cika zaure, manyan baƙi sun zauna, 'yan Illela sun gama nasu ana ta tafi. Alkasum ya sa disket ɗin, rubutunsa ya fito yadda ya bar shi, layi bai ɓace ba. Ya gwada fitilu ɗaya-ɗaya, duk suka amsa. Walƙiyar ce kawai bai gwada ba, don Malam Tanimun ya ce kada a nuna wa mutane ita tun ba a zo wurin ba.

Aka ja labule. Zalika na durƙushe tsakiyar dandamali da kwashen noma a hannu. Alkasum ya danna dogon maɓalli don asuba ta keto.

A tsohuwar kwamfutar, asubar nan a hankali take zuwa, ja-ja, sannan rawaya, har mutum bai san sa'ad da gari ya waye ba. Yau kuwa sai rana ta faɗo fal, kamar an buɗe ƙofa. Wasu suka yi dariya. Alkasum ya dubi lambar da ya rubuta, ita ce, ba a taɓa ta ba. Lambar ba ta sauya ba, mai ƙirgar ce ta sauya. Wannan sabuwar tana lashe ƙirgen da tsohuwar ke jan ƙafa a kai kafin ka ƙifta ido. In haka ta yi wa asuba, to me za ta yi wa walƙiya?

Ya ɗaga hannu yana yi wa Zalika alama. Ina! Fitilu na cikin idonta, ba ta ganin komai bayansu, kuma matar cikin wasan ba ta sauka daga dandamali tun daga farko har ƙarshe. Ya yi tunanin tsayar da kwamfutar ya gyara lambar, amma in ya tsayar duk fitilu za su mutu, kuma bai san yawan da zai ƙara ba, ga ba Zalika zaune a tabarma da za ta ce masa ya isa. Hanya ɗaya ta rage. In an zo wurin, ya danna maɓallin sau biyu a jere, ya tsallake walƙiyar ya faɗa kan yayyafi.

Wasa na tafiya. Rana ta koma almuru da saurin nan mai ban tsoro. Tabawa ta shigo ta ba matar ɗan ci-ranin haƙuri ta fita. Zaure ya yi tsit, sai muryar Zalika tana kiran ruwa, har wata tsohuwa a gaba tana share ido da bakin mayafi. Malam Tanimun ya matso kusa da tebur da fallen kwano a hannu, wanda zai girgiza don tsawa.

"Malam," in ji Alkasum cikin raɗa, "zan tsallake walƙiya. Wagga na'ura ta cika sauri."

"Sauri? To ai shi muka rasa tun farko!"

"Akwai haɗari ciki."

"Haɗarin mi? Faɗa mini."

Alkasum ya buɗe baki. Kalma ɗaya ce, kuma da ya faɗe ta da an huta. Sai ya dubi ƙanwarsa tsaye cikin jan haske, ya tuna yaran ajinta, ya rufe bakinsa. Malam Tanimun ya zuba masa ido.

Zalika ta ɗaga hannuwa sama. Lokaci ya yi. Alkasum ya danna sau ɗaya, kafin yatsansa ya sake sauka Malam Tanimun ya yar da kwanon ya fizge allon maɓallan ya rungume a ƙirji.

Farar fitilar ta haukace. Ƙyal-ƙyal-ƙyal-ƙyal, ba numfashi tsakani, zauren duka yana ɓullowa yana ɓacewa, fuskoki fari-baƙi, fari-baƙi. Kwanon da ya faɗi ya yi ƙara kamar tsawar gaske. Mutane suka miƙe suna salati suna ihu. Zalika, wadda ta saki jiki tana jiran walƙiyar hadarin nesa, idonta buɗe yake tar a kan fitilar.

"Dube ta! Dube ta, don Allah!" Malam Tanimun ke faɗi yana dariya. Alkasum ya shaƙe masa wuyan riga, ya murɗe masa hannu, ya kai yatsa ya danna. Walƙiya ta ɗauke, shuɗin hasken yayyafi ya sauko dishi-dishi. Amma ya riga ya ga yadda wuyanta ya sandare.

Ta zube daidai inda wasan ya ce ta zube. Diddigenta na bugun katako, jama'a suka ɗauka rawar jikin mai murna ce da ta ga ruwa, suka ɓarke da tafi. Tabawa ta shigo da zane kamar yadda aka saba, ta durƙusa ta tallabo kanta don ta faɗi maganarta ta ƙarshe. Alkasum na kallo. Ya ga ta tsaya. Ya ga ta zare hannunta daga ƙarƙashin kumatun Zalika, ta ɗaga shi kusa da ido cikin shuɗin hasken, ta duba abin da ya jiƙa shi. Ba ta faɗi maganar ba. Ya kashe fitilun duka, ya hau dandamali cikin duhu, ya sungumi ƙanwarsa.

A bayan labule ya kwantar da ita ta gefe, ya share mata baki da rigarsa, ya tare ta da jikinsa yana cewa zafi ne, a ba ta iska. Aka yarda, don kowa ya jiƙe sharkaf. Sannu a hankali ta buɗe ido, ta dube shi, ta gane. Baƙin ciki ya cika shi har ya kasa haɗa ido da ita. A waje ana kiran sunan Ƙonni. Malam Tanimun ya faɗo yana haki, rigarsa a yage, bai ma riƙe faɗan ba.

"Mun ci! Tawa, maigida, Tawa! Alƙalai sun ce ba su taɓa ganin faɗuwa irin wagga ba. Da wagga na'ura za mu, kuma kada ka taɓa komi ciki."

Ya wuce yana rungumar mutane. Zalika ta dafa bango ta tashi, ta je wurin randar da 'yan wasa ke sha, ta ɗebi ruwa a moɗa ta kurɓa. Tabawa na tsaye can gefe tana goga tafin hannunta a jikin bango, tana gogawa, tana sake gogawa. Zalika ta miƙa mata moɗar yadda ta saba miƙa mata kullum a inuwar dogon-yaro.

"Sha, Tabawa."

Tabawa ta mai da hannuwanta baya. Leɓenta a bushe yake, har ya tsage.

"Ba ni jin ƙishi," in ji ta.

Zalika ta daɗe da hannu a miƙe. Sannan ta zubar da sauran ruwan a ƙasa, ta riƙe moɗar a hannunta, ba ta mai da ita kan randar ba.