Hular Munzali Mai Lotsawa Uku

Shekara talatin da ɗaya ina ɗinkin hula a Nguru, ba a taɓa dawo mini da aiki an ce layi ya karkace ba. Wanda yake musu ya tambayi dillalai. Idan aka ce hannun Gumsu ne, mai saye ko juya hular ba ya yi.

Wata Talata ƙanena Munzali ya taso daga Gashua a motar safe, da takarda ninki huɗu a aljihunsa. 'Yarsa Rumaisa, wadda ta shekara shida a waje tana karatun taurari, za ta dawo, kuma tsofaffin malamanta za su yi mata taro a can Gashua. Wai ita da abokan aikinta sun gano wata duniya da ke kewaya wani tauraro can nesa.

"Ya Gumsu, wannan zanen nake so a jikin hula," in ji shi. "Shi ne aikin nata. Ranar taron zan sa."

Na buɗe takardar. Layi ne guda ɗaya a miƙe, sai dai ya lotsa ƙasa a wuri uku. Na tambaye shi dalili, ya ce shi ma bai sani ba, ta waya ta turo, mai shago ya buga masa. Na ce to injin mai shagon ne ya yi tuntuɓe, kuma ni ba zan kwafi tuntuɓen inji in sa a kan ƙanena ba. Munzali tun yana yawo ba wando ba ya musu da ni. Na yi kwana goma sha biyu a kan hular, zare shuɗi a kan fari, layi ya fito sambal.

Saura kwana uku taro Rumaisa ta zo gaishe ni. Bayan ta ci ta sha na ɗauko hular ina jiran yabo. Ta juya ta sau biyu.

"Gwaggo, ina duniyar?"

Na ce wace duniya kuma. Ta zaro irin takardar nan daga jakarta, ta ɗora yatsa a kan layin.

"Wannan hasken tauraron ne. Ita duniyar ba wanda ya taɓa ganin ta, ta yi nisa. Amma duk kwana tara takan gitta ta gabansa, haskensa ya ɗan ragu, sai layin ya lotsa. Shekara biyu na yi ina neman wuraren nan uku."

Ta ce duniyar ta ninka tamu biyu da rabi a faɗi, iska mai kauri ta lulluɓe ta, babu ƙasar da mutum zai taka. Irinsu ake kira ƙananan Naftun, sunan wata babbar duniya da ke kewaya ranarmu. Tauraron kuwa bai kai ranarmu girma ba, kuma hasken da suka auna ya baro shi tun jirgin ƙasa bai iso Nguru ba. Ina sauraro kunya tana cina. Yarinya ta sha wahalar shekara biyu, ni na share da allura a kwana goma sha biyu.

"Ba komai, Gwaggo, ta yi kyau a haka. Baba ma ba zai gane ba."

Wannan lallashin ya fi mini zagi ciwo. Amma kada in yi ƙarya, na yi wasiwasi. Wanda ya ga layi ya lotsa a hular Gumsu ba zai ce tauraro ba ne, cewa zai yi idon tsohuwa ya mutu. Ga Hamajoɗa, dillalin da ke kai hulunana har Machina, a Gashua yake zaune, kuma magana ba ta kwana a cikinsa. Abin da na shekara talatin ina tarawa zai iya zubewa a zama ɗaya.

Ta tafi, na ɗauko reza na farke layin. Na karya tsinken tsintsiya na riƙa auna tsakani da shi, yadda na gani a takardar. Ashe lanƙwasa zare da gangan ya fi miƙe shi wuya, hannuna sai gardama yake yi mini.

Ranar taro Munzali ya zauna a gaba, ya juyo da wuri ukun nan saitin goshi, yana hura hanci kamar shi ya hango tauraron. Da aka kira sunan Rumaisa na ji kaina ya yi girma, har na yi guɗa ban shirya ba. Ana tashi sai ga Hamajoɗa ya matso inda nake tsaye da ita, ya rage murya.

"Hajiya, ki daure a duba miki ido. Ki karɓo hular ki ba ni, zan sa a gyara, ba wanda zai ji."

Na kira Munzali, na cire hular daga kansa a gaban mutane, na danƙa wa Hamajoɗa.

"Auna tsakaninsu."

Ya kafa yatsa biyu daga lotsawa ta farko zuwa ta biyu, ya ɗaga su a haka zuwa ta uku. Ya sake. Ya kai hular kusa da idonsa, ya daɗe yana kallo.

"A'a," ya ce. "Kuskure ba ya zuwa daidai sau uku. Wannan da abu a wurin."

Rumaisa ta kama hannuna ta matse, idonta ya kawo ruwa.

"Gwaggo, ran da na kai wa malamina takardar nan, abin da ya faɗa ke nan."