Kwamfutar Sakatare da Muryar Hamajoɗa

Rowa iri-iri ce. Akwai rowar abinci, wannan kowa ya san ta, har yara ma suna yi wa mai ita waƙa. Wadda ta fi ta muni ita ce mutum ya ƙanƙame abin jama'a shi kaɗai don kullum a riƙa zuwa ƙofarsa ana sallama, alhali ko ci ba zai yi ba. Ita ce ta kama Abdulhamid, ɗan ƙanwata. Tun da ni na yi ta jan ƙafa ina bin sa tsakanin Nguru da Gashuwa a cikin zafin bazara, to ni zan faɗa, ko da ban so ba.

Abdulhamid shi ne sakataren ƙungiyar makiyayan yankinmu. Ya yi boko daidai gwargwado. Ƙungiya ta ba shi kwamfuta irin ta ɗorawa a cinya, baƙa, kuma tun daga ranar ba a sake ganinsa ba tare da jakarta ba, ko gaisuwar mutuwa za shi.

A cikinmu akwai wani tsoho, Hamajoɗa, Allah ya jiƙansa. Shi kaɗai ya rage wanda ya san burtalin shanu tun daga tuddan Yusufari har ya gangaro fadama: kowace mashaya, kowace tsamiya da aka yi iyaka da ita, da sunan bulama, wato mai garin, da aka yi maganar a gabansa. Gonaki sun ci hanyar nan kaɗan-kaɗan har ta zama sai a bakinsa. Da damina, da muka ga jikinsa ya yi sanyi, aka ce Abdulhamid ya je ya ɗauki maganarsa. Kwana uku yana ɗauka da waya, murya da hoto. Ya juye a kwamfuta, ya goge na wayar, wai kada ta faɗa hannun wani. Kafin kaka Hamajoɗa ya rasu.

Bayan sadakar arba'in 'yarsa Asta ta zo har gida. Ina zaune.

Ta ce, "Sakatare, ka zuba mini muryar Baffa a wayar nan. Ba don burtali ba. In riƙa ji kawai."

Ya ce, "Adda Asta, wannan kayan ƙungiya ne. In na ba ki, gobe yana wayar kowa. Duk ranar da kike son ji ki zo nan, in kunna miki."

Ta dube shi ta dube ni, ta maida wayarta cikin ɗaurin zane ta tafi. Na ce masa, "Kai yaro, wanda ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu." Ya yi dariya ya ce ai Kawu ba ya rabo da karin magana.

Da bazara ta shigo aka kafa kwamiti a Damaturu na sake shata burtali. Suka ce duk mai hujja ya tura musu ta intanet kafin la'asar ɗin Alhamis, ba sa karɓa hannu da hannu. Mu kuwa hujjarmu ɗaya ce, tana cikin baƙar jakar nan.

Ran Litinin ya zauna zai gwada. Yadda yake yi kullum shi ne wayarsa ke ba kwamfutar intanet ta iska, babu igiya. Ranar sai kwamfuta ta ce ba ta ga waya ba. Ya kashe ya kunna, ya cire layi ya mayar. Ya hau soron maƙwabci yana ɗaga waya sama kamar mai duban wata. Ya zagi kamfanin layi har ya gaji. Wayar kanta tana shiga ko'ina, kwamfutar ce ta makance.

Na ce, "Ga masu gyara nan bakin kasuwa, matambayi ba ya ɓata."

Ya ce ina, yaran Nguru sun san 'ya'yan Asta, kafin ka juya sun kwashe. Sai dai Gashuwa, inda ba a san mu ba. Dattawa suka ce in raka shi, tun da amanar ta kowa ce.

Talata muka shiga mota. Mutum huɗu a kujerar mutum uku, kwandon banda a bayanmu, gwiwata tana dukan ƙarfe tun daga tasha har muka wuce Jajimaji. Ni da na haura saba'in, ba irin tafiyar da nake nema ba ce.

Mai gyaran sunansa Terver, Tibi ne daga Binuwai, ya fi shekara ashirin a Gashuwa, Hausa a bakinsa kamar ta gado. Shagonsa ɗan ƙarami ne, cike da gawarwakin kwamfutoci har rufi. Yana ganinmu ya washe baki, don Tibi da Fulani abokan wasa ne.

"A'a! Yau Fulani ne a shagona? Baba, ina saniyar da za ku ba ni?"

Na ce, "Waɗanda kakanninka suka cinye mana ba su ishe ka ba?"

"Ai sun yi daɗi ne, shi ya sa nake tambaya."

Ya kawo mini kujera da ruwa. Ya karɓi kwamfutar, ya kunna, bai yi gaggawar kwance ta ba. Ya fara duba wani maɓalli mai hoton jirgin sama, ya ce wannan in an danna shi bisa kuskure yakan rufe mata ido, rabin masu zuwa wurinsa ciwonsu ke nan. Ba shi ba ne. Ya kunna tasa wayar ya ajiye kusa, ba ta gani ba. Ya manna wayar a jikin kwamfutar, sai ga suna ya fito, da ya ja ta kamu ɗaya baya ya ɓace.

Ya ce, "To, ba makanta ba ce, dundumi ne. Sakatare, da murfi kake ɗaukarta ko?"

Abdulhamid ya ce wani lokaci.

"Kullum dai."

Ya kife ta ya kwance da sukundireba. Ya nuna mini wasu igiyoyi biyu sirara kamar zare, baƙa da fara, da suka bi ta gaɓar murfi suka hau sama. Ya ce su ne kunnuwanta, da su take jin waya. Baƙar ta tsinke daidai gaɓar, farar ta zame daga mazauninta. Ya zaro wata daga cikin gawarwakin nan ya sa, ya danna farar ta koma. Da ya kunna sai ga sunayen wayoyin rabin layin sun fito.

Abdulhamid ya miƙe zai karɓa. Terver ya ce ya dakata.

Ya sa tsinke a bakin fankar da ke ciki ya jawo wani curi kamar gashin akuya, ƙura da zaren bargo sun dunƙule. Ya hura mata iska. Fankar ta juya tana gurnani, ya ce ta gaji, kuma ba shi da irinta sai an kawo daga Kano. Sannan ya ce mu yi shiru. Ya kara kunnena a gefen kwamfutar. Na ji wani ɗan ƙas, ƙas, kamar gara a cikin azara.

Ya ce, "Baba, ka ji? Wannan shi ne rumbun da komai ke ciki. In ya fara wannan kukan, sallama yake yi. Yana iya kai wata, yana iya tafiya gobe. Akwai abu mai muhimmanci a ciki?"

Na ce akwai maganar mamaci.

"To kada ku fita shagon nan sai an juye. Ga filas, ɗan abin ajiye bayanai, sabo a ledarsa. Sakatare ya zauna ya juye da hannunsa, ni in fita waje in ba ku wuri. Ku ba Baba ya sa a aljihu."

Na ga fuskar Abdulhamid ta canza da ya ji aljihuna. Ya ce, "In bar muryar Bafulatani a shagon Tibi? Shanu ma da ƙafafunsu ba su tsira ba."

Terver bai yi dariya ba. Ya ce, "Wasa wasa ne, Sakatare, wannan kuma aiki ne. Na ce a aljihun kawunka."

"Jibi zan tura. In na tura ai ya zama biyu."

Na ce, "Abdulhamid, in kunne ya ji, jiki ya tsira."

Ya ce, "Kawu, mota za ta tafi ta bar mu."

Terver ya ɗaure kwamfutar ya miƙa masa. Ya ce to aƙalla ya kiyaye abu uku: ya tura yau yau da ya isa gida, ya ɗora ta kan tebur ko faranti, ban da katifa ban da cinya, don ta ƙasa take numfashi, in kuma ta yi zafi ta mutu ya bar ta a inuwa ta huce da kanta. Ya maimaita na ukun har sau biyu. Da muka fito ya riƙe hannuna ya ce, "Baba, ka yi ƙoƙari." Na ce ɗan yau ne, ka haife shi ba ka haifi halinsa ba.

Bai tura ran Talata ba, wai ya gaji. Laraba kuwa ya hau babur ya zagaya rugage yana shaida wa mutane su zo gobe su ga yadda zai tura maganar Hamajoɗa Damaturu. Na ce masa ba a fafe gora ranar tafiya. Ya ce abin minti goma ne.

Alhamis da hantsi aka taru a ƙarƙashin darbejiyar bakin kara, wato kasuwar shanu. Ardo ya zo, dattawa sun zo, Asta tana can gefe da mata. Aka shimfiɗa wa Sakatare darduma mai kauri, ya harɗe, ya ɗora kwamfuta a kan matashi a cinyarsa. Na ce a kawo benci. Ya ce kwamfuta ba sarki ba ce da zai zauna a ƙasa ita a sama.

Ta ga waya lafiya lau, aikin Terver bai da aibu. Amma maganar kwana uku ce da hoto, nauyi gare ta, ga sabis na ranar yana jan ciki. Wani ɗan layi ne a fuskar kwamfutar yake cika a hankali, mu duka mun zuba masa ido kamar masu jiran nono ya yi tsami. Rana ta take. Inuwar ta tsuke. Layin ya wuce rabi, sai fankar ta yi gurnani, fuskar ta yi baƙi.

Ya taɓa ƙasanta ya janye hannu. Bai jira ta huce ba, ya kunna. Aka koma farko. Muka yi azahar muka dawo, ta kai inda ta kai ɗazu, ta sake mutuwa. Mutane suka fara duban rana. Ardo ya ce, "Sakatare, lafiya dai?" Ya ce lafiya, zafi ne kawai.

A reshen darbejiyar akwai jarkar ruwan sha a rataye, an naɗe ta da jiƙaƙƙen buhun algarara, yadda muke yi don ruwa ya yi sanyi. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san dabarar, kuma tana aiki, ga jarka. Na ga idonsa ya tsaya a kanta. Ya tashi ya warware buhun, ya ƙara tsiyaya masa ruwa, ya ninka, ya ɗora kwamfutar a kai, ya naɗo gefe da gefe.

Na ce, "Kai! Mutumin nan ya ce a bar ta ta huce da kanta."

Ya ce, "Kawu, ka bar wa masu boko boko. La'asar ta kusa."

Ya kunna. Wallahi da farko har ta yi kamar ta ji daɗi, layin ya tafi, wasu suka ce kai, Sakatare akwai kai. Fankar nan kuwa ta ƙasa take zuƙa, abin da ta samu shi ta zuƙa. Fuskar ta yi walƙiya sau biyu. Wari ya tashi kamar an ƙona leda. Ya danna, ya danna, ya sa caja, ya cire, ya girgiza ta, ruwa ya ɗigo daga gefe a kan darduma. Muna nan zaune aka kira la'asar.

Juma'a da safe muka sake hawa motar nan, gwiwa ɗaya, ƙarfe ɗaya. Terver bai tambaye mu saniya ba. Ya buɗe, ya shinshina, ya nuna mana inda allon cikin ya ƙone ya yi tabo. Ya ce kwamfuta ta tafi, saura rumbu. Ya ciro shi, ɗan abu kamar tafin hannu, ya jona a tasa. Muka kasa kunne. Ƙas. Ƙas. Ƙas. Sai shiru. Ya canza igiya, ya canza kwamfuta, ya jira, ya sake. Har aka fara tafiya masallaci yana gwadawa. Daga ƙarshe ya naɗe shi a takarda ya miƙo mini, ba Abdulhamid ba.

Ya ce, "Baba, ku yi haƙuri. Ran Talata yana da rai."

Muka kamo hanyar dawowa. Ni kaina karin maganar ta ƙare mini.

Kwamiti ya shata burtali da abin da wasu suka tura. Dattawanmu sun zauna sun harhaɗa abin da suke tunawa, wannan ya ce tsamiya, wancan ya ce kuka, kuma lokaci ya riga ya wuce. Mashaya uku daga cikin waɗanda Hamajoɗa ya lissafa suna cikin gonaki yanzu, da takarda.

Ga abin da Abdulhamid ya rasa, in ƙirga muku. Kwamfuta, ɗaya. Sakatarci, biyu, tun kafin damina aka karɓe littafin ƙungiya aka ba wani mai suna Abbo. Na uku, mashayar da garken gidansu ke sha tana cikin ukun nan, yanzu sai sun yi zagayen rabin yini, kuma a bazarar da ta biyo ya rasa shanu biyu da maraƙi a hanya. Na huɗu, ƙofar gidansa da ya so a riƙa cikawa, yau ko mai tambayar hanya ba ya tsayawa. Na biyar Asta. Ba ta zage shi ba, ba ta kai ƙararsa ba. Na kai mata ɗan rumbun nan a takardarsa, ta karɓa ta sa cikin kwallar kayanta. In sun haɗu a hanya ya gaishe ta, takan amsa, amma ba ta sake kiran sunansa ba.