Hoton Gwajin Haske

Kowane mai sana'a da ɗan sirrinsa. Na wannan mai hoton shi ne, ba ya cewa a yi murmushi sai ya fara ɗaukar guda ɗaya a ɓoye. Gwajin haske yake kiransa. Mutum na tsaye yana gyara wuyan riga, bai san an danna ba, shi kuma ya duba ko hasken ya yi, sannan ya ce a washe baki. Hotunan gwaji ba a wanke su, ba a nuna wa mai su. Amma shi ba ya share su, ko da yake da za ka tsare shi da tambaya ba zai iya gaya maka dalili ba.

Ba wanda ya sha ɗauka kamar yayansa, dillalin motoci, wanda kowa ke kira Ango don kullum cikin sabon ɗinki yake. Inda duk aka kunna kiɗa Ango yana tsakiyar fili, kwalba a hannu, wata a gefensa wadda ba matarsa ba. Ƙanen yana biye da kyamara, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai: tare suka sha, tare suka tsufa a mashaya. Matar Ango mawaƙiya ce a coci. In ta yi masa magana sai ya ce ta ajiye masa kujera a sama, shi zai gama da na ƙasa tukuna. Ita dai sai ta ce kujerar na nan.

Da ciwon hanta ya kama Ango, abokan kwalba suka zo dubiya sau ɗaya, suka ga idanun sun koma rawaya, cikin ya kumbura, wuyan ya zama kamar na kaza, ba su sake dawowa ba. Matar ce ta zauna. Ita ke juya shi, ita ke zubar da fo, in zafi ya lafa ta karanta masa Maganar Allah. Mai hoto ya ji labarin wai yayansa ya nemi a kira fasto, wai har ya yi kuka ya miƙa ransa ga Yesu. Bai yarda ba. A ganinsa ruwa ne kawai ya ƙare wa ɗan kada.

Wata rana da hantsi Ango ya aika masa ya zo da hotuna, yana so ya zaɓi wanda za a ɗora kan akwatinsa. Mai hoto ya zo da jaka cike, ya baje su kan bargon asibiti. Ya zo da tsoro, don shekarun da ke cikin hotunan nan nasa ne shi ma. Guda ɗaya kawai yake so yayan ya ɗaga ya ce a nan ya ji daɗi, don shi ƙanen ya san ba a banza shekarun suka ƙare ba.

Ango ya riƙa ɗauka yana ajiyewa. Wannan, ya ce, ranar ce ya shiga bayi ya yi aman jini, ya kurkure baki ya dawo rawa. Wancan kuma ranar da 'yarsa ta kwana tana jiransa da zazzaɓi. Na cikin farar mota, ya ce yana dariyar nan yana tunanin ya saki sitiyari a kan gada. Mai hoto ya so ya yi musu, sai ya tuna hotunan gwajin da ya ɓoye. A kowannensu, kafin a ce murmushi, fuskar Ango wayam take kamar gidan da aka tashi.

"Ɗauke ni yanzu," in ji Ango.

"Haba Yaya, a haka? Ka ga yadda ka koma kuwa?"

"Na gani. Ɗauka dai."

Mai hoto ya ja labule gefe, ya matsar da sandar ƙarin ruwa. Matar tana bakin gado tana rera wata waƙar coci ƙasa-ƙasa, Ango ya juya yana sauraro, leɓensa na bin ta. Hannun mai hoto ya yi abin da ya saba, ya danna gwaji. Sannan ya ce a yi murmushi. Nan take tsohuwar dariyar biki ta hau fuskar da ba nama, haƙora duka a waje, abin ba kyan gani. Ya sauke kyamarar ya ce ya isa.

Sai da ya fita baranda ya duba na gwajin. Fatar rawaya ce, ƙashin kumatu a fili, amma goshin ya saki, idanun sun kwanta. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma shekarunsa a sana'a bai taɓa ganin fuskar yayansa da mutum a cikinta ba sai ranar. Haushi ya kama shi, ya rasa na wa.

Ba a daɗe ba rai ya yi halinsa. Mai hoto ya wanke na gwajin ya kai wa dangi. Gwaggonsu ta ture shi da bayan hannu, ta ce ba za a tona musu asiri a gaban jama'a ba, a sa na farar mota. Shi aka sa, babba, cikin gilashi. Abokan kwalba suka bayyana a jana'iza cikin sabon ɗinki, suna tsayawa gaban hoton suna kaɗa kai, suna cewa ai Ango ya ci duniyarsa da tsinke, ba abin da ya bari.  Matar kuwa ta karɓi ƙaramin hoton gwajin daga hannun ƙanin mijinta ta sa a jaka.

Washegari ya buɗe shago don ya rasa inda zai sa kansa. Ba kowa. Ya kafa kyamara kan ƙafafunta, ya saita ta ta ɗauka da kanta, ya je ya zauna kan kujerar da yake zaunar da mutane, bai shirya fuska ba. Da ya duba sai ya ga gidan da aka tashi, irin na yayansa sak.

Ya rufe shagon da rana tsaka, ya tafi gidan makoki. Ya sami matar yayansa tana ninke kayan marigayi.

"Anti," ya ce, "wace waƙa ce kike yi masa ranar nan?"

Ta dube shi, ta ɗauke sabon ɗinkin Ango daga kan kujera, ta ce ya zauna.