Karena a Ƙarƙashin Gadon Efraín

Ina durƙushe a gindin shingen gorar da ya raba gidana da na Efraín, na riƙe ƙafafun karena Tizón na baya ina ja, shi kuma ya kafa faratansa a ƙasa, kansa da kafaɗunsa sun riga sun leƙa ta ramin da ya haƙa zuwa wancan ɓangaren. Shekararsa goma sha biyar, ƙugunsa ya mutu, bayansa duk ƙashi, amma ranar sai da ya sa ni haki. Nubia matata ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta ce in sake shi kafin in ɓalla shi gida biyu.

"Karena ne," na ce.

"Duk unguwa ta sani, Aristides. Shi ne dai har yau ba a gaya masa ba."

Na sake shi. Ya ja cikinsa a ƙasa ya wuce, bai ko waiwayo ba. Ina jin Efraín daga ɗakinsa yana cewa, da wannan muryar da ciwo ya cinye, ai ga mutumin nan ya iso.

Ni na kawo karen nan. Lokacin ina tuƙa motar jif, ina ɗauko buhunan kofi daga gonakin kan dutse zuwa gari, wani manomi ya ba ni shi yana ɗan mitsitsi, baƙi wuluk, na sako shi cikin hulata na kawo wa 'yata Yamile, tana da shekara tara. Ni nake kai shi rigakafi, ni na cire masa ƙayar bushiya daga hanci, ni ya ciza a babban yatsa ranar. Amma tun yana wata shida ya haƙa ƙarƙashin shingen, ya mayar da shagon Efraín wurin aikinsa. Efraín mai gyaran takalma ne, gwauro, shagonsa ɗakin gaban gidansa, kullum warin fata da gam, da rediyo yana ta surutu. Ban taɓa ganin ya ba karen ko ɓawon burodi ba. Hira kawai yake masa, ta ƙwallo da ta gwamnati, karen kuwa ya ɗora haɓa a kan ƙafarsa yana saurare kamar zai ba da amsa. Wata rana mahauci a kasuwa ya ƙunsa min ƙasusuwa ya ce in kai wa karen Efraín tunda hanyata ce. Daga ranar na canja mahauci.

Da kare kaɗai ne da da sauƙi. Efraín shi ya riƙe Yamile a coci ranar baftismarta, shi ya sa muke ce wa juna compadre, ita kuma tana ce masa Padrino, wato uban baftisma. A bencinsa ta koyi karatu. Da ta yanke shawarar tafiya Sifen aikin jinya, shi ta fara gaya wa, ni sai bayan kwana huɗu na ji. Ko bayan ta tafi, in ta kira ranar Lahadi, mu gaisa, ta tambayi gwiwata, kafin in gama ba ta amsa sai ta ce in miƙa wa Padrino wayar. In tsaya a ƙofarsa ina jin suna dariya na tsawon rabin awa, a wayata.

A watan Maris asibitin birni suka sallamo shi, suka ce ciwon ya gama da cikinsa, gara ya kwanta a gadonsa. Nubia ta ɗauki ɗawainiyarsa. Romon kaza da safe, da rana dankali da ta murje har ya zama kamar kunu, ni kuma in ci abin da ya rage a tukunya. Tizón ya daina dawowa gida gaba ɗaya. Ya tare a ƙarƙashin gadon Efraín, sai in na je na ɗauko shi, da na juya baya kuma ya ja jiki ya koma.

Ranar Laraba likitar dabbobi ta zo, wata yarinya mai suna Luz Dary, wadda na sha ɗauko ubanta a jif. Ta duba shi a tsakar gidana, ta matsa cikinsa, ta ɗaga leɓensa ta kalli dasashi. Ta ce ƙodarsa ta gama aiki, shi ya sa ko ruwa ya sha sai ya dawo da shi, kuma akwai ƙari a gefen cikinsa. Zai iya kai mako biyu, wataƙila uku, amma kowace rana za ta fi ta jiya zafi. Akwai allurar da za ta sa ya yi barci ya tafi ba tare da ya ji komai ba. Ta ce ba ita za ta faɗi ranar ba, mai kare ne zai faɗa.

"Juma'a," na ce.

Na faɗa da sauri fiye da yadda ya kamata. Nubia ta bari likitar ta fita, sannan ta ce in ji tsoron Allah, wannan karen shi ke sa Efraín buɗe ido da safe, mutumin da ko wata ɗaya ba lallai ya ƙara ba, me zai ragu a jikina in na bar su su ƙarasa tare. Na ce mata dabba na shan wahala, ko ba ta ji abin da likita ta ce ba? Kuma gaskiya na faɗa. Na ga yadda yake makyarkyata in zai yi fitsari, na ga yadda yake kallon kwanon ruwa yana jin ƙishi yana tsoro. Sai dai akwai wani abu a ƙarƙashin gaskiyar, wanda ban gaya wa Nubia ba: da likitar ta ce mai kare, ni ta kalla. Abin ya min daɗi har cikin ƙirji.

Da yamma na kira Yamile na gaya mata. Ta yi kuka, ta tuna yadda yake raka ta makaranta, na yi ta lallashinta, har na ji kamar yau dai ni da 'yata ne kawai. Sai ta share hanci ta ce, "Baba, me Padrino ya ce?"

Na ce mata layin ba kyau, na kashe.

Washegari da safe na ɗauko Tizón daga gidan Efraín yana barci, na kwantar da shi a kan tsohon bargo a barandata, na samo katako da ƙusa na toshe ramin. Na gaya wa kaina kwana ɗaya ya rage masa, ya kamata ya yi shi a gidansu. Na dafa masa hanta, bai ci ba. Na zauna kusa da shi ina shafa shi, ya bar ni, har ya lashi hannuna sau ɗaya. Da rana ta ɗaga sai ya ja jiki, taku kaɗan ya huta, taku kaɗan ya huta, har bakin shingen. Ya sa hanci a jikin katakon ya kwanta a nan, yana wani ƙaramin kuka da ba ya fita sosai. Daga can ciki na ji Efraín ya kira sunansa sau biyu. Na ƙara wa rediyona murya. Nubia ta ajiye min abincin rana a gabana, ta ɗauki kwanon romo ta fita ta ƙofar titi. Da ta dawo ta ce compadrena na son ganina, kuma in zo da karen ko kar in zo.

Na rungumo shi na zaga ta titi. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Ɗakin Efraín na warin magani, amma warin gam ɗin nan na nan bai tafi ba. Yana jingine da matasai uku, fuskarsa ta koma rawaya. Na ajiye karen, ya lallaɓa ƙarƙashin gado. Na tsaya na harɗe hannu, na shirya duk abin da zan faɗa in ya fara roƙona in ɗaga ranar.

Ya ce in zauna, wai na tsaya masa a kai kamar ɗan sanda. Na zauna. Ya ce Nubia ta gaya masa komai. Ya ce makonni ke nan yana jin numfashin karen a ƙarƙashinsa, ya fi nasa muni, kuma ya san tuntuni ya kamata a kira likita, shi ne ya yi shiru don ba ya son ɗakin ya zama shi kaɗai.

"Ka yi daidai, compadre. Gobe ɗin ta yi."

Wallahi haushi na ji. Na zo da faɗa a bakina, ya karɓe. Ko wannan hukuncin da na ɗauka nawa ne, sai da ya sa masa hannu, har ya zama kamar izini ya ba ni. Na ce masa ai ba shawara na zo nema ba.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya ce ni dai tun muna samari haka nake, in an ba ni gaskiya sai in nemi wanda zan yi rigima da shi a kanta. Sannan ya ce ko na san duk shekarun da nake tuƙi, da ƙarfe biyar da rabi ta yi, karen nan sai ya miƙe kunne. Tun jif ɗina na gangaren coci yake gane ƙararta cikin duk motocin gari. Ko ana tsakiyar hira sai ya tashi ya fice, ya bar shi da guduma a hannu yana magana shi kaɗai kamar mahaukaci.

"Sai in ji ku ta shinge, kai da Nubia da yarinyar da shi, ana ta ƙarar cokula. Ni aro nake yi, Aristides. Da yamma mayarwa nake."

Na ce masa mai aro ba ya riƙe kaya shekara goma sha biyar. Ya ce to in kai ƙara. Muka zauna haka, rediyo na karanta sakamakon ƙwallo, har Nubia ta leƙo ta ga ba wanda ya kashe wani.

Na so a yi a tsakar gidana, a gindin gwaiba. Amma Efraín ba ya iya sauka daga gado, kuma da safiyar Juma'a da na je ɗauko karen, na tsuguna na kira shi, ya kaɗa wutsiya sau ɗaya bai fito ba. Sai na ce wa Luz Dary ta shigo nan ɗin kawai.

Na zauna a ƙasa na jingina da gadon, na ɗora shi a cinyata. Nubia na tsaye a bakin ƙofa da carbinta. Likitar ta aske ɗan wuri a ƙafarsa ta gaba, ta ce allurar farko barci ce kawai, in yi masa magana. Ni ban saba hira da kare ba. Na ce masa, "To, dattijo. To." Ina jin bugun zuciyarsa a tafin hannuna. Efraín ya mirgino bakin gado da ƙyar, ya fara gaya masa wai ƙungiyarsu ta ƙwallo ta sake shan kashi jiya, 'yan bayan nan ba su da amfani. Tizón ya ɗaga kai daga hannuna, ya miƙa wuya sama wajen muryar. A haka idonsa ya rufe. Jikinsa a wurina yake, amma Efraín ya kalla na ƙarshe. Na gani, kuma ba zan ce ban ji komai ba, har yau ina ji.

Da likitar ta sa abin sauraro a ƙirjinsa ta ce ya tafi, Efraín ya juya fuska bango. Ya ce in binne karen a wajena, shi ba shi da ƙarfin haƙa. Na binne shi a gindin gwaibar, na ƙi yarda kowa ya taya ni.

Kwana tara Efraín ya ƙara. Ya rasu ranar Lahadi da hantsi, ana buga ƙararrawar coci, Nubia na riƙe da wayar a kunnensa Yamile na masa magana. A kwanakin nan ni nake zama da shi bayan abincin rana, don Nubia ta samu ta huta. Ba ma wata hira. In kunna masa rediyo, in jiƙa masa leɓe da auduga, in zauna a ɗan guntun bencin da yake aiki a kai, wanda ya yi ƙasa sosai har gwiwoyina na kai min ƙirji.

Ranar Asabar ɗin ƙarshe ya daina gane mutane. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan bargonsa, a waje wata mata na tallan ayaba. Ina gyangyaɗi na ji abu ya taɓa ni. Hannunsa ne ya zamo daga bakin gado yana lalube a iska, har ya samu kaina. Yatsunsa suka shiga cikin furfurata, suka gangara bayan kunnena, suka fara sosawa a hankali, kamar yadda yake yi wa Tizón. Idonsa a rufe, leɓensa na motsi.

Wuyana ya ƙage, ƙafata ta yi sanyi. Na ƙara sunkuyar da kai don hannun ya kai sosai, na zauna a haka ban motsa ba.